ANTIBAYOTIK A ABINCIN KAJI DA KIFI: YAUSHE YAKE MAGANI, YAUSHE YAKE ZAMA CUTA?



Duk wanda zai fara kiwon kaji a yankinmu, daga Dawanau zuwa Kwa, Tumfafi, Danguguwa har cikin garin Dawaki, akwai lissafin da ake ba shi tun kafin 'yan tsakinsa su iso: buhun abinci, mazubin ruwa, gawayi ko fitilar ɗumama ɗaki, sai kuma ledar magani. Kusan kullum wannan ledar antibayotik ce. Za a ce maka ka zuba musu kwana biyar na farko don gajiyar hanya. In sun yi sati biyu ka sake, don kada su yi mura. Wani ma zai ce ka riƙa cakuɗa kaɗan-kaɗan a cikin abinci har ranar da za ka sayar, wai sun fi saurin nauyi.

Tambayar da aka fi yi min ke nan: wane antibayotik zan sa? Ni kuma tambayar da nake mayarwa ita ce: me ke damun kajin? Sau da yawa sai a ce ai lafiyarsu lau. To a nan maganar take. Yau zan ɗan ja bayani, domin abin ya shafi aljihunmu, ya kuma shafi lafiyar 'ya'yanmu da ke cin ƙwan da naman.

ME YAKE KASHEWA, ME BA YA KASHEWA?

Antibayotik magani ne da aka yi don kashe ƙwayoyin cuta nau'in bakteriya, ko hana su yaɗuwa. Iyakar aikinsa ke nan. Shi ne irin su oksitetrasaikilin, ɗan uwan kafson nan da muke ce wa ja-da-yalo, da tailosin, enrofuloksasin, jentamaisin, kolistin da magungunan salfa.

Amma manyan cututtukan da ke share ɗakin kaji a ƙasar nan ba bakteriya ke kawo su ba. Nukasil, Gumboro, Marek, ƙurajen kaji da murar tsuntsaye duk bairos ne. Ko buhu guda na antibayotik ka juye musu, bairos bai san kana yi ba. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma sake ɓarna a Kano a 2015, babu ledar da ta taɓa tsayar da ita. Kashin jini shi ma wata halitta ce daban ke kawo shi, yana da nasa maganin irin su amfuroliyam. Tsutsar ciki da nata. Zafin bazara, rashin iska, da abincin da ya yi fumfuna kuwa, waɗannan ba magani suke so ba, gyara suke so.

Kun ga ashe zawo kawai, ko tari kawai, bai isa ya gaya maka abin da za ka saya ba. Cututtuka da yawa kamanninsu ɗaya ne a ido.

YADDA AKA YI YA SHIGA CIKIN ABINCI

A ƙarshen shekarun 1940, wasu masana biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suna neman hanyar samar wa kaji sinadarin bitamin B12 mai araha. Sai suka gwada ba 'yan tsaki dusar da ta rage bayan an haɗa wani antibayotik mai suna oriyomaisin. 'Yan tsakin suka yi girman da ya wuce abin da bitamin kaɗai zai bayar. Da suka bincika, ashe ɗan ragowar maganin ne ya yi aikin. A 1951 hukumomin Amurka suka amince a riƙa sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma, daga nan abin ya bazu duniya.

Wato maganar da dattawan kiwo ke yi cewa yana sa nauyi, tana da asali. Maganin yana danne wasu ƙwayoyin cuta a hanjin kaza, sai abincin ya fi shiga jikinta. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: wannan ƙarin nauyin ya fi fitowa a ɗaki mai datti da cunkoso. In ɗaki na da tsafta, abinci kuma ya cika, bambancin ƙanƙane ne ƙwarai. A taƙaice, maganin rufa wa ƙazanta asiri yake yi.

Ba a jima ba aka fara ganin illa. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fanisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙa'ida zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. A 1969 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Michael Swann ya ba da shawarar a daina sa magungunan da mutane ke sha a abincin dabbobi don girma. Suwidin ta hana a 1986. Tarayyar Turai ta hana gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2006. Amurka, inda abin ya samo asali, ta dakatar da amfani da magungunan da ke da muhimmanci ga ɗan Adam don ƙara girma a 2017. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu kiwo su daina ba dabbobi masu lafiya antibayotik. Waɗanda suka ƙirƙiro dabarar sun ajiye ta, mu kuma yanzu muke ƙara runguma.

AMFANINSA NA GASKIYA

Kada wani ya ce na ce a jefar da antibayotik. A'a. Akwai ranar da in babu shi, jarinka ya tafi. In 'yan tsaki sun zo da ciwon cibiya daga wurin ƙyanƙyasa, ko taifot ɗin kaji ya shiga, ko kwalarar kaji, ko murar nan mai sa ƙirji ya riƙa kurkur da fuska ta kumbura, ko gyambon bakteriya ya kama tarwaɗa, to maganin da ya dace, a kan lokaci, shi ne zai tsayar da mutuwar. Barin dabba tana wahala alhali akwai magani ba dabara ba ce.

Dalilin da ya sa nake wannan dogon bayani ma ke nan: don ranar da kake matuƙar buƙatarsa ya yi maka aiki. Wuƙar da ake sara dutse da ita kullum, ranar yanka ba za ta ci ba.

ILLA TA FARKO: MAGANI YA DAINA CI

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna lokacin da kulorokwin ke warkar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. A hankali ya daina ci, har a 2005 Najeriya ta sauya shi da wani. Irin wannan ne ke faruwa da antibayotik.

Ga yadda abin yake. A cikin hanjin kaza ɗaya akwai bakteriya bila adadin. In ka ba da magani kaɗan-kaɗan kullum, masu rauni su mutu, 'yan tsirarun masu taurin kai su tsira. Fili ya zama nasu. Wasu nau'in kuwa, in sun samu yadda suke so, duk bayan kamar minti 20 ɗaya na rabewa biyu. Kafin ka sayar da zubi ɗaya, masu taurin kan ne suka cika ɗakin. Abin da ya fi muni, suna iya miƙa wa wasu nau'in bakteriya wannan taurin kan, kamar yadda maƙwabta ke aron iri.

Shi ya sa za ka ji mai kiwo yana cewa, ledar da ta yi min aiki bara, bana ko gezau. Sai ya ce jabu ce. Wani lokacin jabun ce, amma sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, ƙwayoyin gonarsa ne suka saba da shi. Sai ya koma mai tsada, sai ya haɗa biyu, sai uku.

Kuma abin ba ya tsayawa a ɗakin kaji. Enrofuloksasin da muke ba kaji ɗan gida ɗaya ne da sifuro da ake ba mutum in taifot ya kama shi, har ma jikin dabba kan juya wani ɓangarensa ya koma sifuron. Saboda haka Amurka ta hana ba kaji shi tun 2005. Kolistin kuwa, a asibiti ajiye shi ake yi sai kusan duk sauran magunguna sun gaza, amma a nan ana sayar da shi a leda kamar gishiri. A 2015 masana a ƙasar Sin suka gano bakteriyar da ta bijire wa kolistin a jikin aladu, a naman kasuwa, da kuma jikin marasa lafiya. Ba a daɗe ba aka gan ta a ƙasashe da dama. A 2017 Sin ta hana sa shi a abinci don girma.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani a duk duniya, in aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, kusan mutum 27 cikin kowane dubu 100. Ba masu kiwo kaɗai ke da laifi ba, shan magani barkatai da mutane ke yi na da babban kaso. Amma mu ma muna da namu, kuma namu ne a hannunmu. Najeriya ta fitar da tsarinta na yaƙi da wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024, kuma ɓangaren kiwo na ciki.

ILLA TA BIYU: RAGOWAR MAGANI A ƘWAI DA NAMA

Maganin da kaza ta sha ba ya ɓacewa ranar da ka daina ba ta. Yana zama a hanta, ƙoda, tsoka da ƙwai na wasu kwanaki. Shi ya sa kowace leda ta gaskiya ke ɗauke da kwanakin jira, wato kwanakin da za ka ƙirga daga ranar ƙarshe ta magani kafin ka yanka ko ka sayar da ƙwai. Gwaiduwa tana ɗaukar kusan kwana 10 tana haɗuwa a cikin kaza, don haka ƙwan da aka saka bayan an daina magani ma yana iya fitowa da shi. Kada kuma a dogara da wuta. Dafawa da suya ba sa kashe duk ragowar magani.

Wa ke cin wannan ƙwan? Yaron da aka soya wa a teburin mai shayi. Mai jego da aka yi wa farfesu. Akwai masu borin jini da fanisilin ko salfa ke tayar musu. Akwai kuma magunguna biyu da ya kamata kowa ya haddace sunansu: kuloramfenikol, wanda ko kaɗan ne yana iya lalata ɓargon da ke samar da jini a jikin wasu mutane, da furazolidon da danginsa, da ake danganta su da ciwon daji. Hukumar NAFDAC ta hana ba dabbobin da ake ci waɗannan. In ka ga sunansu a jikin leda, ajiye ta, komai arharta.

Na san inda gizo ke saƙar. Mu yi lissafi. A ce 'yar uwa tana da kajin ƙwai 300, suna ba ta ƙwai 240 a rana, kiret 8 ke nan. A ce magani na kwana 5 ne, ledar kuma ta ce a jira kwana 7. Kwana 12 sau kiret 8, kiret 96. Wa zai iya kallon kiret 96 ya ce ba zai sayar ba? Abu ne mai ciwo. Amma ku lura da abin da lissafin ke koya mana: kuɗin antibayotik ba kuɗin leda ba ne kawai, har da ƙwan da ya hana ka sayarwa. In ka sa wannan a lissafi, za ka ga allurar rigakafi da tsafta sun fi komai araha. In kuma ciwo ya zo dole, ka gaya wa likita kajin suna ƙwai, ya zaɓo wanda aka amince a ba masu ƙwai. Leda da yawa an rubuta a jikinsu ɓaro-ɓaro cewa ba a ba kazar da ake cin ƙwanta.

ILLA TA UKU: TAKI DA RIJIYA

Wannan ta fi shafarmu mu mutanen Dawakin Tofa. Ƙasarmu cike take, gona na jikin gona, gida na jikin gona. Ba a barin fili ya huta, da taki muke riƙe ƙasar tun kaka da kakanni. Yanzu da takin zamani ya yi tsada, buhun kashin kaji ya zama kuɗi, tun kafin ka share ɗaki an yi maka ciniki.

To kaso mai yawa na maganin da kaza ta sha yana fita ne ta kashi, tare da ƙwayoyin nan masu taurin kai. Ɗanyen kashin ya tafi gonar masara, ya tafi lambun salak da tumatir da albasa. Ruwan damina ya wanke shi zuwa kududdufi da rijiyoyin da ba su da zurfi. Yara na wasa a wurin, kajin gida na tono. Abin da ka zuba a mazubin ruwa ya zagayo ya shigo tulun gidanka.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A tara kashin wuri guda nesa da rijiya, a ɗan jiƙa shi, a riƙa juyawa ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin a kai gona. Zafin yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, yana rage ragowar magani, kuma takin da ya ruɓe ba ya ƙona shuka.

ƁANGAREN MASU KIFI

Masu tarwaɗa, ku matso. Mafi yawan mutuwar kifi daga ruwa take farawa. Cunkoso, abinci ya yi yawa ya ruɓe a ƙasan tanki, ruwa ya yi wari, kifi ya galabaita. Ƙwayoyin da ke kawo jan ciki da gyambo dama suna cikin ruwan, jira suke kifi ya yi rauni. In ka ɓare kafso ka zuba ba ka gyara ruwan ba, ka yi aikin baban giwa.

Abubuwa huɗu nake so ku riƙe. Na ɗaya, in kifi ya fara mutuwa, tsayar da abinci, canza ruwa, rage cunkoso, ware manya da ƙanana, sannan a yi maganar magani. Wankan gishiri gwargwadon yadda masani ya auna maka yana maganin matsalolin fata da yawa. Na biyu, kifin da ya kwanta ciwo ba ya cin abinci, saboda haka maganin cikin abinci masu ɗan ƙarfi yake kaiwa gare su. In za a yi, a yi da wuri, a jiƙa abincin da maganin, a shafe shi da ɗan mai don kada ruwa ya wanke. Na uku, a daina jefa wa tarwaɗa mushen kaji da ɗanyen kayan ciki. Kazar da ta mutu tana cikin magani, ka ba kifinka cutar da maganin gaba ɗaya. Na huɗu, jikin kifi da zafin ruwa yake aiki. Lokacin hunturu magani ya fi daɗewa bai fita ba. A Amurka, kwana 21 ake jira bayan an ba tarwaɗarsu oksitetrasaikilin kafin a kai kasuwa. Ruwan da ka yi magani a ciki kuma kada ka sake shi lambu ko kwatar unguwa.

Kada a ce ba zai yiwu ba. Ƙasar Nowe, wadda ta fi kowa kiwon kifin salmon, ta rage antibayotik da kusan kashi 99 cikin 100 daga ƙarshen shekarun 1980, ta hanyar rigakafi da kula da ruwa, kifin da take fitarwa kuma ƙaruwa ya yi ninkin ba ninkin.

IN YA ZAMA DOLE, GA YADDA AKE YI

1. A san cutar tukuna. Ɗauki kazar da ba ta daɗe da mutuwa ba, da wata marar lafiya mai rai, ka kai wa likitan dabbobi mai rajista ya buɗe ya duba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In mutuwa ta ƙi tsayawa, nemi a yi gwajin da ke nuna maganin da ke kashe ƙwayar gonarka.  In kuwa kaji na zubewa da yawa farat ɗaya, rufe gonar ka sanar da jami'an dabbobi, kada ka kwashe su zuwa kasuwa.

2. Karanta leda. Duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, sunan sinadarin da ke ciki da kwanakin jira. Yawancin abin da ake sayar mana da sunan maganin gajiya ko mai sa ƙwai, bitamin ne haɗe da antibayotik biyu ko uku. In bitamin kake so, sayi bitamin zalla. Wanda aka ƙulla maka a farar leda babu suna, bar shi. Maganin mutane daga kemis kuma na mutane ne.

3. Auna da nauyi, ba da ido ba. Misali kawai: kaji 200, kowace kilo 1 da rabi, kilo 300 ke nan. In likita ya ce miligiram 20 ga kowane kilo, kana buƙatar miligiram 6,000, wato giram 6 na ainihin maganin a rana. In garin ledar kashi 20 cikin 100 ne magani, giram 30 za ka auna. Sayi ƙaramin sikeli, cokali ba ma'auni ba ne. Ka tuna kaza na shan ruwa sosai a bazara, ta rage a hunturu, don haka cokali ɗaya a bokiti ba abu ɗaya yake nufi a Afrilu da Janairu ba.

4. Ga kaji, ruwa ya fi abinci. Kaza marar lafiya takan bar ci kafin ta bar sha. Kuma giram 100 na magani ba ya gauraya daidai a buhu huɗu da shebur, wata ta ci da yawa, wata ba ta samu ba. In dole sai a abinci, fara cakuɗa shi da mudu ɗaya, mudun a cikin mudu biyar, a haka har ya game. Masu kai haɗi injin niƙa, ku tambaya ko wanda ya riga ku ya sa magani, don ragowarsa na maƙalewa a inji.

5. Cika kwanakin. In an ce biyar, biyar ne, ko sun warware a rana ta biyu. Kada kuma ka zarce. In kwana uku sun wuce babu sauƙi, koma wurin likita, kada ka ƙara wani a kai.

6. Kada ka yi haɗe-haɗe da ka. Yawancin abincin kajin nama na kamfani na ɗauke da maganin kashin jini irin su monensin ko salinomaisin. In ka ba su tiyamulin a kai, yana iya shanye musu ƙafafu har ya kashe su. Wannan abincin guba ne ga doki da jaki, kada a zuba musu ragowarsa. Sinadarin ƙashi da ke da yawa a abincin kajin ƙwai yana rage ƙarfin oksitetrasaikilin. Salfa in ta yi yawa tana taɓa ƙoda, ta lalata ɓawon ƙwai.

7. Rubuta. Littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa: ranar farawa, sunan magani, adadi, ranar gamawa, ranar da jira zai ƙare. Masu kajin nama, in sallah ko wani biki kuke hari, ku ƙirga baya, kada kwanakin jira su ci ranar kasuwa.

ABIN DA ZAI SA BA KA BUƘATARSA

Rigakafi ya fi magani, kowa ya san wannan, aikatawar ce sai a hankali. Sayi 'yan tsaki daga wurin da aka sani. Yawancinsu daga Ibadan ake ɗauko su, suna isowa a galabaice. Abin da suke nema shi ne ɗumi, kamar digiri 32 zuwa 33 a satin farko, ruwa mai tsafta da ɗan gulukos da bitamin, sai abinci. Yi musu Gumboro da Lasota a kan jadawalin da likita ya ba ka, ka tabbatar allurar a cikin ƙanƙara ta zo hannunka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana haɗa irin waɗannan alluran.

Ɓuntun shinkafa ko garin katakon da ka shimfiɗa ya zauna a bushe. In ka shiga ɗaki warin ya sa idonka yaji, to huhun kaza ya daɗe yana shan wahala. Wanke mazubin ruwa kullum. Sa ruwan maganin kashe ƙwayoyi a bakin ƙofa, da takalmin da ba ya fita waje. Dillali ya tsaya a waje, don daga wata gonar yake. Raba kajin gida, zabi da agwagi da na gidan gona. In ka sayar da zubi, wanke ɗakin, bar shi ya huta kamar sati biyu.

Sai abinci. Mun yi sa'a kasuwar Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, tana ƙofar gidanmu. Amma araha ba ta ado. Masarar da ta sha danshi, ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, na ɗauke da gubar afulatoksin. Tana lalata hanta, ta karya garkuwar jiki, har allurar rigakafi ta ƙi kamawa. Kaji su yi ta ciwo kana ta zuba antibayotik, alhali cutar na cikin buhu. Sa hannu cikin buhun, shinshina, fasa ƙwaya ka gani kafin ka biya. Ajiye buhu a kan katako, ba a ƙasa ba.

MAGANAR ƘARSHE

'Yan kasuwar hatsi ba su manta da 2015 ba, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari ya wuce ƙa'ida. Wasu ne suka zuba, amma kowa ya sha asarar. Ƙwai, nama da kifi ma amana ce irin wannan. Mai saye ba ya ganin abin da ke cikin gwaiduwa, yarda ya yi da kai.

Kai da za ka fara da kaji 50 a bayan ɗaki, ke da za ki fara da tanki ɗaya a tsakar gida, kun fi mu sa'a, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku saba tun zubin farko: babu antibayotik ga dabba mai lafiya, babu shi sai an san cuta, in an fara a cika, in an gama a jira.

Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa mai kiwo. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.